Abin da Basiru Ya Haddace

Delou ta baza katunan haruffa a kan dardumar falo, ta ɗaga na farko.

"Basiru, dube ni. Wannan fa?"

Bai dube ta ba. Yana kaɗa jiki gaba da baya ya ce, "Ba."

Shekararsa goma sha huɗu. Makarantu uku a Riyad sun dawo mata da shi. Likita ya ce tawahhud ne, wato yaron ya fi zama a duniyarsa, hayaniya na firgita shi. Ba ya hira, amma duk abin da ya shiga kunnensa sai ya maimaita shi wata rana, da muryar mai maganar sak. Sai Delou ta mayar da falonsu na unguwar Dira aji.

A faɗi gaskiya, ba son ɗa kaɗai ke tura ta ba. Bara surukarta Gogo ta biyo ta nan daga umra, ta zauna a gaban matan unguwa ta ce, "Wannan ba ɗa ba ne, kaya ne. Daga dangin uwarsa ya kwaso. Marar kunya, tana kiran sunan ɗan fari gatsal." Ta kuma rantse in ta dawo za ta tafi da shi Maraɗi a ɗaure shi gidan mai magani. Harouna, mijin Delou, direba a Unguwar Jakadu, yana zaune bai ce uffan ba. Shirun nan ya fi zagin ci mata rai, tun ranar ta daina sakar masa fuska.

"Delou, har yanzu fushin ne?" in ji Harouna wata rana.

"Ana fushi da bango ne, Malam?"

Shekara guda ta kwashe tana koya wa yaron karatu, harafi bayan harafi, tana jiran ranar da Gogo za ta haɗiye maganarta.

Ranar ta zo, Gogo ta dawo Riyad. Delou ta gayyato matan bara, ba ta bar ko ɗaya ba. Da aka gama cin shinkafar kabsa ta miƙa wa Basiru takarda.

"Yalla, karanta wa Gogo."

Surutun ya yi masa yawa. Ya toshe kunnuwa, ya buɗe baki, sai ga muryar Gogo: "Wannan ba ɗa ba ne, kaya ne."

Gogo ta sunkuyar da kai, Delou kuwa ta ji daɗi har cikin ƙashinta. Amma yaron bai gama ba. Murya ta sauya, ta koma ta Delou: "Yi karatu mu kunyata tsohuwar nan. Wallahi sai na ga hawayenta."

Delou ta so ƙasa ta tsage ta shige. Shi ya sa ake cewa in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sai murya ta uku ta fito daga bakin yaron, mai sanyi, ta Harouna: "Gogo, ki yi haƙuri, Basiru ba ya zuwa ko'ina. In kin ɗauke shi kin ɗauke Delou, in kin ɗauke Delou kin gama da ni."

Delou ta juya. Harouna na tsaye a bakin ƙofa, kunya ta rufe shi.

"Yaushe ka faɗi haka?"

"Duk Juma'a, a waya, in na fita da shi a mota. Ba zan musa wa uwata a gaban mutane ba."

Basiru ya sauke hannuwansa, ya ɗora yatsa a kan takardar. "San-nu da zu-wa, Go-go."

"Shi ya karanta da kansa?" in ji Gogo, hawaye na bin fuskarta. Delou ta ga hawayen da ta shekara tana nema, ba su yi mata daɗin komai ba. Ta durƙusa ta nemi gafara, tsohuwar ta riƙe hannunta ta ce ita ma a yafe mata. Bayan mako guda Gogo ta koma Maraɗi ita da jakarta kawai.

Haƙurin Harouna ne ya riƙe gidan nan, kuma ɗa ba makamin ramuwa ba ne: abin da aka zuba a kunnensa shi zai dawo da shi.

Washegari, Basiru na zaune da katunansa, Delou ta tare mijinta zai fita aiki.

"Malam, ka yafe mini. Ina son ka."

Ya yi ƙasa da murya. "A gaban yaron?"

"Eh. Wannan nake so ya haddace."