Zaren Ƙafar Kubura

Da kakar gyaɗa, zamanin da naira ke sabuwa, lauje ya sare Kubura 'yar Malam Datti na Toranke a ƙwauri. Aka kai ta wani ɗan asibiti a Gaya, hannun sabon ma'aikaci, Bunu. Yana ɗinki yana satar kallo, ita kuwa mai ciwo har ta mance da kuka. Waɗanda suka raka ta ne suka gaya min, ni ba na ƙari.

"Dokarmu, wanda ya ɗinka shi ke cire zare," in ji Bunu. "Ki dawo wurina, tauraruwa."

"Haka kake ce wa tsofaffi ma?"

"Su ba sa sa hannuna rawa."

Kafin mako sai ga kekensa a Toranke, wai duba ciwo ya zo. Ciwo a ƙafa, hira a zaure! Malam Datti ya murtuke.

"Ma'aikacin gwamnati ba shi da gari. Gobe a ɗauke shi, ya tafi min da 'ya."

Ya hana ta komawa Gaya. Gwadabe wanzami, wanda shi ma ya daɗe yana shawagi a ƙofar gidan, ya ce ai zare ba komai ba ne. Ya sa aska ya tsinke, ya bar guntu a ciki.

Can Bunu ya yi ta duban hanya, har ya ɗauka gudunsa take yi. Ya yi fushi, bai ƙara zuwa ba. Nan ƙafa ta kumbura, Kubura ta daina takawa.

Malam Datti da kansa ya ɗora ta a jaki, ya kai ta Gaya.

Bunu ya kwance ƙyallen da aka ɗaure ƙafar da shi, ya duba ciwon.

"Na zaci ba kya sona," ya ce.

"Ni na zaci keken ne ya lalace, Yaya Bunu."

Bunu ya juya wajen Malam Datti. "Za ta warke, Baba, amma za ta riƙa ɗingishi."

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Ɗana, in har yanzu kana so, turo manyanka."

Aka ɗaura aure bayan sallah, gari ya yi musu addu'ar zama lafiya da zuriya ta gari, Allah kuwa ya amsa. Ranar kai amarya Kubura ta fito tana taka ƙafar a hankali, tana murmushi. Malam Datti ya sa mata albarka fuskarsa na kallon bango, don ya kasa kallon tafiyarta.