Kumandan a Rumbun Bawa

Zalika tana zaune a bakin ɗaki ta miƙe ƙafafu saboda nauyin ciki, tana ɗinka wando. Wandon kuwa tsawonsa bai wuce ɗan yatsanta ba. Mijinta Lawali yana gefe da 'yar wuƙarsa, yana gyara hancin wani ɗan mutum na itace.

"Maigida, hancin nan ya isa haka mana!"

"Ke ba ki gan shi ba. Ni na gan shi a Gaya ran da muka kai gishiri. Hancin ne ya fara shigowa kasuwa, aka gaisa da shi, sannan mai shi ya iso."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Lawali mai dafa gishiri ne a Bengu, kamar ubansa. Amma ya gaji wasan ɗiyan dabo wurin kakansa. Sai ya kafa babbar riga bisa sanduna, ya shige ƙarƙashi, ya riƙa fiddo 'yan mutanensa na itace ta wuyan rigar, suna rawa suna faɗa da siririyar murya. A wurin wasan ya fara ganin Zalika, ranar kasuwar Bana. Ta tsaya da tallan ƙosai a ka, ta ce da ƙarfi, "Kai mai dabo, budurwar taka ba ta da zane, ba ka jin kunya?" Da kasuwa ta zagayo sai ta kawo wa 'yar itacen ɗan zane kamar tafin hannu. Tun daga nan ita ke yi musu sutura, har aka ɗaura aure.

Wannan sabon kuwa Kumandan ne, Nasaran da ke mulki a Gaya. An shafe masa fuska da farar ƙasa, an kifa masa rabin ɗan duma a ka a matsayin hula. A shekarun nan Nasara ba su daɗe da zama ba, ko sunansu mutum zai faɗa sai ya waiga.

Sai sallama a ƙofa. Inna Asabe ce, uwar Zalika, ta zo daga Bana ta tafi da ita goyon ciki, tunda haihuwar fari a gidan iyaye ake yi. Lawali da jin muryar surukarsa ya zabura ya faɗa bayan ɗaki don kunya, ya bar Kumandan tsaye bisa turmi.

Inna ta ga ɗan itacen. Ƙwaryar da ke hannunta ta faɗi.

"Innalillahi! Ke 'yar nan, mi nake gani?"

"Wasa ne, Inna."

"Wasa? Seyni na gidan Maigari dariya kawai ya yi ran da doki ya kada gardi, dogarin Nasara, aka tafi da shi. Har yau uwarsa na ajiye masa tuwo, bai zo ya ci ba! Tashi ki ɗaure kayanki."

Zalika ta sauka lafiya, aka samu namiji. Aka yi suna, aka yi wanka, aka yi arba'in. Kawun Lawali, tsoho Sallau, ya zo da goro da gishiri don a mayar da ita ɗakinta. Ya tarar da ubanta Bawa a zaure.

Bawa mutum ne mai son ɗiyarsa, mai tsoro, mai yawan magana, kuma waɗannan uku in suka haɗu a jikin mutum ɗaya sai addu'a. In zai yanke magana sai ya ja gemu.

"Sallau, ko ya ƙone itatuwan nan duka, ko ya sawwaƙe mata. Ban haifi ɗiya don a kai mini ita gidan kaso ba. Ni Bawa, na faɗa na gama!"

Lawali ba shi da bakin roƙo, don suruki ba ya tsayawa gaban uban matarsa ya yi musu. Sai ya naɗe Kumandan a tsumma ya ba Sallau. Ya ce a ba Baba ya ƙone shi da hannunsa, sauran kuwa na kakansa ne, a yi masa rai.

Bawa ya buɗe tsumman, ya ja da baya.

"In ƙone shi? In gobe aka ce Bawa ya ƙone Nasara a tsakar gidansa fa?"

"To binne shi."

"A ce na binne shi da rai?"

"To ba ni in mayar."

"A gan ka da shi ka fito daga gidana? A'a!"

Ƙarshe dai aka cusa Kumandan cikin rumbun Bawa, ƙarƙashin dammunan gero, Bawa kuma bai janye maganarsa ba.

Ya kira Zalika ya ce ta bi shi wurin alƙali ta nemi saki. Ta durƙusa, hawaye na zuba bisa kan jaririn.

"Baba, ba zan taka ƙofar gidan nan ba sai da izininka, ko zan tsufa a ciki. Amma bakina ba zai nemi rabuwa da shi ba. Bai zage ni ba, bai bar ni da yunwa ba."

"Za ki gaji."

"To, Baba."

Ba ta gaji ba. Ta daka, ta ɗebo ruwa, ta wanke wa ubanta riguna. Yaro ya fara zama, ya fara rarrafe. Lawali ya daina wasa. Duk ranar kasuwa sai a ga ƙunshin gishiri a ƙofar gida, mai shi kuwa yana can gindin giginya a bakin gari, yana kallon katangar da ba zai iya shiga ba.

Wata rana da hantsi garin ya yi tsit. Mata suka bar daka, aka janye yara cikin ɗaki. Gardi biyu ne suka shigo bisa dawaki, da jajayen huluna da bulala, suka sauka ƙofar Maigari.

Bawa ya miƙe zumbur. "Shi ke nan, sun ji! Gara in riga su." Inna Asabe ta riƙe masa riga, ya fizge. Ya je ya zube gabansu tun ba a kira shi ba.

"Ranku ya daɗe, ni ba ruwana! Ɗiyata ma na raba ta da shi!"

Babban gardin ya dube shi. "Da wa?"

"Da mai dabon nan na Bengu, wanda ya sassaƙa Kumandan yana sa shi rawa. Wallahi ko wandon da ta ɗinka masa ban sani ba sai daga baya—"

"Tsoho, mu kaji da ƙwai muka zo karɓa." Ya gyara zama, ya ɗora bulala bisa gwiwa. "Amma ci gaba. Ina itacen yake?"

Nan Bawa ya tuna da rumbunsa.

"Za... za a nemo."

"Jibi, a bariki. Kai da surukinka da itacen. In ya tabbata, mai ɗinkin wandon ma za mu dawo mu ɗauke ta."

Bawa ya koma gida yana haɗa hanya, ya shige ɗaki ya ja bargo da rana tsaka. Inna ta ɗora hannu a ka tana kuka. Zalika ta share ido.

"Inna, fiddo mini Kumandan daga rumbu. Ki ba ni tsohuwar rigar Baba, shuɗiyar nan."

Ta zauna bayan rumbu. Ta cire ɗan duman, ta kankare farar ƙasar tas, ta kwaɓa baƙin tukunya da man kaɗe ta murza masa a fuska har ya shiga itacen. Ta yanki rigar ta ɗinka 'yar babbar riga, ta naɗa masa rawani. Bunsurun gidan ma ya ba da gudummawar gemu, ba da son ransa ba.

Inna ta leƙo. "To hancin fa? Shi zai tona mu."

"Inna, je ki dubi na Baba."

Inna ta sake duban hancin, ta ga na mijinta ne sak. Ta naɗe shi da kanta, aka aika wa Lawali ta hannun Sallau. Bawa bai gani ba, bai kuma tambaya ba.

Barikin Gaya yana bisa tudu, yana kallon kogi. Da suka shiga suka wuce mutane jere, igiya a ƙugu, duwatsu a ka, ba mai ɗaga ido. Ga kaso nan da 'yar tagarsa, wani ya zuro yatsu waje. Bawa yana gaba, Lawali yana baya da nisa.

Kumandan yana zaune a inuwa, tafinta tsaye kusa da shi. Aka ce a yi wasan.

Lawali ya kafa riga, ya shige. Can sai ga wani ɗan tsoho ya leƙo ta wuyan rigar, da rawani da shuɗiyar riga. Ya duba dama, ya duba hagu, ya ja gemu.

"Ni na faɗa na gama!"

Sai ga 'yar budurwa da goyo tana kuka. Ta nutse, ɗan saurayi ya fito ya durƙusa gaban tsohon. Ya yi magana da siririyar murya.

"Baba, na daɗe ina so in yi maka magana, kunya ta hana ni. In ka ce in sa hannuna a wuta zan sa. Amma kada ka ce in sake ta. Ban san yadda ake yi ba."

Ɗan tsohon ya juya ya maka masa hanci, saurayin ya wuntsila. Wani gardi ya tuntsire da dariya, ya yi maza ya haɗiye.

Kumandan bai yi dariya ba. Ya miƙa hannu, aka kawo masa ɗan tsohon. Ya juya shi. Ya ɗaga rawanin. Ya sa babban yatsa ya murza fuskar, ya dubi yatsan, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya yi magana a hankali.

Tafinta ya ce, "Kai tsoho. Kumandan ya ce, kai ka ce shi aka sassaƙa. Wannan wane ne?"

Bawa ya dubi itacen. Ya gane rigarsa, ya gane ɗinkin ɗiyarsa. In ya ce Nasara ne, Lawali da Zalika sun tafi ke nan. In ya ce shi ne, ya zama abin dariya daga nan har kabari, kuma ya amsa ya yi wa gardi ƙarya.

"Ni ne."

"Ɗaga murya!"

"Ni ne! Gemuna ne, rigata ce, hancina ne! Haushi na ji yana kwaikwayona, na yi masa sharri."

Kumandan ya dubi hancin itacen, ya dubi na Bawa. Ya ajiye ɗan tsohon bisa teburinsa, bai mayar ba. Tafinta ya ce, tunda tsoho ya ɓata wa hukuma lokaci da ƙarya, zai yi wata guda yana ɗaukar dutse a aikin hanya.

Gardi ya nufo Bawa da igiya. Sai murya ta fito daga ƙarƙashin rigar, ba siririya ba, muryar Lawali ce ta gaskiya.

"A gaya wa Kumandan, a wurinmu suruki ke yi wa uban matarsa aikin ƙarfi. Ni zan ɗauka."

Kumandan ya ɗaga kafaɗa. Tafinta ya ce saurayi ya fi tsoho ƙwari, don haka wata biyu. Aka ɗaura wa Lawali igiyar. Bawa yana tsaye yana kallo aka wuce da shi.

Wata biyu suka cika, ba Lawali. Na uku ya kama. Wanda ya fito daga Gaya sai ya ce an tura su gaba, wani ya ce zazzaɓi ya shiga cikinsu. Zalika ba ta yi wa ubanta gori ba ko sau ɗaya, tana kai masa tuwo ta durƙusa kamar kullum, wannan kuwa ya fi bulala yi masa zafi. Labari ya riga ya bazu, yara suna binsa a hanya suna jan haɓa, "Na faɗa na gama!" Bai kore su ba. Kullum yana zaune bakin hanyar Gaya har rana ta faɗi.

Ana cikin girbi Sallau ya aiko: Lawali ya dawo.

Bawa da kansa ya ɗaura wa jaki kayan Zalika, ya ja akala har Bengu, ita da Inna suna biye. Ya tsaya ƙofar gidan ya juya baya, Lawali kuma yana bayan zana.

"A gaya wa mai gidan nan na kawo masa iyalinsa. A gaya masa ba ƙinsa na yi ba, tsoro na ji. Ya yafe mini."

"A gaya wa Baba ba komai," in ji muryar bayan zana.

Zalika ta shiga. Ta ga yadda ya rame, ta ga kafaɗunsa duk tabo, ta fashe da kuka. Ya miƙa hannu zai ɗauki ɗansa, yaron ya ƙwalla ƙara ya ƙanƙame uwarsa.

"Ka yi haƙuri da shi, maigida," ta ce, tana kuka tana dariya. "Jikan Baba ne."

To, 'yan mata da samari, kun ji. Da Zalika ta tsallake katanga ta bi miji, da ta rasa uba. Da ta bi uba wurin alƙali, da ta rasa miji. Ta zauna ta haƙura, ba ta yi rashin kunya ba, ba ta kuma yi ƙarya da zuciyarta ba, Allah ya bar mata su duka biyu. Ku kuma iyaye, ku riƙa bincika abin da kuke kira kishin 'ya'ya, sau da yawa tsoro ne ya sa rawani. Kuma in kun ga hukuma ta sauka a gari, ku bari a tambaye ku tukuna. Wataƙila ƙwai suka zo karɓa.