Rabin Kalma a Bakin Sauda

Da almuru Yahuza ya ɗaure rikoda a bayan mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya nufi unguwar Zangouettin, ko dai inda Zangouettin take kafin katafila ta bi ta kanta. Shi ne mai haɗa sauti a wata 'yar ƙungiyar wasan daɓe ta 'yan Zongo. Idan an ji iska a wasansu, ko kukan kurciya, ko kwando na jan ƙasa, daga teburinsa suke fitowa.

Sabon wasan a kan rushe unguwar ne. Matarsa Sauda, da cikinta da ya fara turo zane, ita ce tsohuwar da ta ƙi barin ɗakinta. A ƙarshen wasa za a yi sallama daga lasifika har sau uku. Tsohuwa ba ta ji sosai, sai a ta ukun za ta juyo ta ce, "Shigo, gida naku ne." Daga nan a kashe fitila.

Hajjo, shugabar ƙungiyar, ta ce masa, "Ka ɗauki sallamar a bayan ɗaki mana, wa zai gane?"

"Haba Tanti, kowane wuri da irin shirunsa. Shirun kango daban yake."

Yahuza ke nan. A kan sauti ba ya jin maganar kowa.

Ya tarar da fili fetal, sai tarin bulo da ciyawa. Warin tsohuwar ƙasa da fitsarin awaki. Can tsakiya wata ƙofar zaure na tsaye ita kaɗai, babu bango dama, babu hagu. Ya tsaya gabanta, ya sa abin saurare a kunne, ya danna.

"Salamu alaikum."

Muryar ta fita ta dawo masa da sanyi. Ya ji daɗi. Ya sake.

A ta uku, daka ya tsaya.

Sai a lokacin ya gane tun zuwansa akwai ƙarar taɓarya a kunnensa, luguden mata biyu, can ƙasa-ƙasa. Bai lura da ita ba sai da ta ɗauke. Ya cire abin sauraren. Babu komai, sai motoci daga nesa. Ya mayar.

Numfashi. Dab da makirufo.

"An ba ku parsel, kowa da filinsa," in ji wata murya, a hankali kamar mai gudun tada jariri. "Mu fa?"

Ƙanshin daddawa ya bugi hancinsa, sabon kaɗi, a wurin da ba a hura wuta ba tun bara.

Bai san yadda ya tada mobilet ba.

A gida ya saurari kaset ɗin. Muryarsa ce kawai, sau uku, tas, da wani amo mai zurfi wanda bai taɓa samun irinsa ba. Mai hankali da ya jefa shi a murhu. Yahuza ya rubuta masa suna ya sa a aljihu, bai gaya wa kowa ba, har Sauda.

Ranar wasa farfajiyar da suka ara a unguwar Larlé ta cika. Yawanci mutanen tsohuwar unguwa ne, waɗanda aka watsa bayan gari, sun zo ganin gidajensu a kan dandamali. Aka fara bayan magariba. Yahuza na gefe da teburinsa, kusa da babbar lasifika. Ya saki kiran mai goro, wata tsohuwa ta share hawaye. Ya saki rurin katafila, maza suka sunkuyar da kai. Komai na tafiya daidai, har ya fara manta tsoronsa.

Sauda ta zauna a tabarma, ta ba ƙofar katako baya. Ya danna kaset.

"Salamu alaikum."

Ba muryarsa ba ce. Muryoyi ne da yawa a haɗe, tsofaffi da yara, wasu daga sama, wasu daga ƙasan benci. 'Yan kallo suka amsa a ladabce, suna jinjina gwanintarsa.

Ya dubi allurar na'ura. Ko motsi ba ta yi ba.

Ya danna tsayawa.

"Salamu alaikum."

Sallamar ta matso kusa. Ƙanshin daddawa ya cika farfajiyar. Labulen ƙofar katakon ya kumbura ciki, alhali babu iska.

Ya fizge kaset ɗin, zaren ya zubo masa a hannu. Ya ɗaga hannu yana yi wa Sauda alama. Ina, ta ba shi baya, tana tsince shinkafa a faranti kamar yadda aka koya mata.

Nan ya fahimta. An raba wa mutane filaye, su kuwa mazaunan unguwar da ido ba ya gani, ba a ba su ko taku ɗaya ba. Gida suke nema. Kuma ba sa shiga sai an ce su shigo.

"Sauda," ya ce. Ba ta ji shi ba.

"Salamu alaikum."

Ta ajiye faranti. Ta dafa ciki. Ta juyo da murmushin tsohuwa.

Ta buɗe baki.

Yahuza ya murɗe sauti har ƙarshe, ya cusa makirufo cikin bakin lasifika, abin da duk mai wannan sana'a yake jin kunyar ya faru a hannunsa. Ƙara ta tsage wurin kamar ana yanka ƙarfe. Yara suka fasa ihu. Wani abu ya fashe a kunnensa na dama, ɗumi ya gangaro masa a wuya. Bai saki ba sai da labulen ya koma ya kwanta.

Hajjo ba ta sake ba shi tebur ba, shi ma bai nema ba. Kunnen ya mutu. Sauda ta rantse masa "shi" kawai ta ce, ƙarar ta haɗiye sauran.

Tun daga ranar ba a cewa "shigo" a gidansu. Baƙo ya yi sallama, sai a fita a kamo hannunsa. Maƙwabta na dariya, Yahuza bai damu ba, don shi kaɗai ya san abin da mataccen kunnen yake ji duk almuru: numfashin mutane da yawa a zaure, suna jira cikin haƙuri.

Sauda ta haifi mace, aka sa mata Nabila. Yarinya mai fara'a, ga saurin baki.

Wani yammaci yana alwala ya hango ta tsaye a bakin zauren, ita kaɗai, ta ɗaga kai tana yi wa wani dogo dariya. Ta miƙa hannu.

"Shi…" ta ce. "Shi…"

Butar ta faɗi daga hannunsa. Tsakar gidan ba ta taɓa yi masa faɗi haka ba.