Robobi Biyu a Ƙarƙashin Riga

Wayyo Allah! Hannu kawai Tela ta ɗaga za ta shanya zani, sai ta ji kamar an zare mata rai ta ƙarƙashin hammata. Kwanan nan aka yi mata tiyatar rage nono, bayan shekarun da ta yi tana ɗinki a duƙe, baya na ciwo, kafaɗu sun yi kanta. Likita ya bar mata siraran bututu biyu a gefen ƙirji, kowanne da ƴar robar da ke tara ruwan ciwo, ya gargaɗe ta kada ta ɗaga hannu sama. To amma marainiya a gidan kawu, wa ya damu da gargaɗin likita?

Yaya, ƴar kawun, ita ta jibga mata wankin. Da can dariyar ƙirjinta take yi. Yanzu da ta ga Tela ta miƙe sambal, ga wani malamin makaranta yana neman aurenta, sai baƙin ciki ya hana ta sakat.

"Wai ke ce amarya!" in ji Yaya. "Da jakunkunan jini za ki shiga ɗakin miji?"

"Yaya, cire su za a yi..." Kuka ya ci ƙarfinta. A zaune take barci, wanka sai shafe-shafe, amma duk bai kai ciwon wannan maganar ba. "Ya Allah, Kai ne gatana!"

Ashe Yaya ta riga ta kai wa mahaifiyar malamin gulma, wai mugun ciwo ke cin jikin Tela ana ɓoyewa. Ran nan da hantsi sai ga matar, fuska ba walwala. Har ɗaki Yaya ta ja ta, ta fizge mayafin Tela gaban Kawu. Fil ɗin da ya riƙe roba ɗaya a jikin rigarta ya ɓalle, robar ta yi lilo, bututun ya ja ɗinkin... Tela ta ƙwalla ƙara!

"Mama, ga abin da ake shirin kai wa ɗanki!" in ji Yaya.

Mama ta matso kusa da Tela. Ta tallafe robar, ta wanke hannu, ta buɗe murfin ta juye ruwan a kofi, sannan ta matse robar tam kafin ta rufe, daidai yadda likita ya koyar. Tela ta zuba mata ido.

"Mama... ina kika iya?"

Matar ta kama hannun Tela ta ɗora a ƙirjinta na hagu. Babu komai a wurin sai tsumma a naɗe.

"Ni ma na rataya su, ƴata, lokacin da aka cire mini wannan. Ban sami mai juye mini ba."

Ta juya ga Yaya, idonta jawur. "Ke kuwa, da ina shirin nema wa ƙaramin ɗana aurenki. Na gode Allah da kika nuna mini halinki da wuri."

Yaya ta zube tana roƙo, Kawu ya kau da kai don kunya. Ko kallo Mama ba ta ƙara yi mata ba. Ta tsinci fil ɗin ta maƙala robar a rigar Tela.

"Tashi, ƴata. A gidana za ki ƙarasa jinya."