Sunan Yaya a Rahoton Auta

Mama na zaune a falo tana ninke sababbin labulayen da Auta za ta tafi da su gidanta, saura sati uku biki, sai ga Dogo, angon, ya faɗo ko sallama bai ƙarasa ba. Yaron da ko ido ba ya iya haɗawa da Mama!

"Mama, ki yi wa 'yarki magana! Za ta kai sunan Yayana gaban manyan bankin da suke aiki!"

"Innalillahi! Wane suna? Ke Auta, fito nan!"

Auta ta fito, katin ofis na rataye a wuyanta. Iyakar sanin Mama, 'yarta na gadin kwamfutocin banki kada ɓarayi su shiga. Yadda ake gadi ba sanda ba ƙofa kuwa, har yau bai shiga kanta ba.

"Gwaji ne fa, Mama. Ofis ke sa ni in tura wa ma'aikata mesej na ƙarya, irin na 'yan damfara, a ga wa zai ba da lambar sirrinsa. Mutum tara suka bayar. Yaya na ciki."

Mama ta dafe ƙirji. "Ke kika rubuta ƙaryar? Da hannunki? Manaja guda, wanda ya riƙe yaron nan tun rasuwar mahaifinsu, shi kika ɗana wa tarko?"

"Ba korarsa za a yi ba. Aji kawai zai shiga na kwana biyu."

"Aji! Wa zai koyar?"

"Ni."

Labulen ya sulale daga hannun Mama.

Dogo ya kwantar da murya. "Don Allah Auta, layi ɗaya ne, goge shi. Yaya ya rantse in sunansa ya fita, ba shi ba auren nan."

Hawaye ya wanke fuskar Auta. "In na goge, gobe ɓarawon gaske ya turo nasa, Yaya ya sake bayarwa, me zan ce wa mutanen da suka ba mu amana? Wallahi ina sonka, amma ba zan goge ba."

Dogo ya fice. Mama ta yi faɗa, ta yi lallashi, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Auta ta kai rahotonta. Kwana takwas wayar yarinyar ba ta yi ƙara ba, ta rame, amma ko sau ɗaya ba ta zagi kowa ba.

Rana ta tara aka yi sallama. Yaya ne da kansa, Dogo na raɓe a bayansa.

"Mama, na shiga ajin," in ji Yaya. "Kin san wa na tarar a kujerar gaba, riƙe da biro da littafi? Shugaban bankin gaba ɗaya!"

"Shi ma?!"

"Sunansa ne na farko! Kuma ba wanda ta wulaƙanta, sannu a hankali ta koya mana. Ni na yi kuskure. Yarinyar da ba ta ɓoye sunan shugabanta ba, ita nake so ƙanena ya aura."

Mama ta juya tana salati. "Shugaban, Auta? Kashe ni kike son yi?"

Aka kwashe da dariya, Dogo na goge ido da hannun riga.

'Yan mata, ku ji da kyau: duk wanda ya ce ki ci amana don ya aure ki, ki yi haƙuri ki ƙi. In mutanen kirki ne, da ƙafarsu za su dawo.