Rabin Sunan Izzuddeen

Gab da magariba Naja'atu ta koma bakin rafin da ya ratsa lambun shaƙatawa na Gangaren Tudu, don ta rufe rami da tamfol kafin hadari ya sauko. Yashe rafin ake yi ana faɗaɗa shi. Ita kuwa ma'aikaciyar kayan tarihi ce, aikinta ta tsaya kan motar haƙa, in tsohon abu ya ɓullo ta ɗaga hannu a dakata. Ranar sun ci sa'a: tsingaro, dutsen niƙa, da wata tukunya a kife da ba a kai ga ɗagawa ba.

Ba ta ƙaunar rafin nan, kowa ya sani. Shi ya ci ɗanta na fari a ambaliyar bara waccan. Tana gaɓa, yana wasa a yashi, ta hango ruwa tafe. Ɗan fari kuwa, uwa mai kunya ba ta kama sunansa, kuma baki abin da ya saba shi yake yi. "Kai! Kai yaro!" ta yi ta ƙwalawa. Yara ne birjik a wurin. Bai waiwayo ba.

Ta sauka ramin. An karkatar da ruwan, ƙasa a bushe take, amma warin ɗanyar laka ya cika mata hanci. Kwaɗi suka yi tsit.

Wani abu ya ƙwanƙwasa tukunyar daga ciki.

"Umma."

Ta san ba a amsa kiran magariba. Ta kuma san muryar.

"Umma, da wa kike? Muna da yawa a nan. Har da 'ya'yan masu tukwanen."

Sanyi ya kama idon sawunta. Ruwa ne.

"Faɗi sunan in san ni ne. Sai in fito."

Ruwa ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu.

Zuciyarta ta karye. Ko da aljani ne, ai haƙƙin yaronta ya roƙa.

"Izzu..."

Aka fizgi mayafinta ta baya. Filomina ce, abokiyar aikinta, kwance a bakin ramin tana ja iya ƙarfinta.

"Madam, rufe baki! Wannan ba pikin ɗinki ba ne, ba yaronki ba ne!"

Suka zube kan ciyawa. Zanin Naja'atu sharkaf, ramin kuwa ko ɗigo babu.

Washegari aka ɗaga tukunyar, ba komai ciki sai yashi, aiki ya ci gaba. Naja'atu ta ajiye kunya gefe, ta ƙudura za ta kira Izzuddeen da cikakken sunansa ko da a addu'a ne. Ta buɗe baki, farkon sunan ya ƙi fitowa. Har yau "Deen" kaɗai ya rage mata.

Matan unguwa sai yabonta suke yi, wai ga mai kara, ɗa ya rasu ma ba ta kama sunansa. Takan yi musu murmushi, ta shige ɗaki, ta rufe ƙofa, ta sake gwadawa.