Kicin Ɗin Bahaguwa

Ranar da Kafinta ya zo auna kicin ɗin Mama, autarta ce ta riƙe masa bakin tef ɗin awo. Da hannun hagu ta kama, ta ɗago ido ta ce, "Nan ya yi?"

Ya kalle ta ya manta lambar da ya karanta. Sau uku ya sake awon bango ɗaya.

Mama dai katakon oak, mai ƙarkon nan na Turai, take so, mai zubi irin na da, kabad-kabad da ake ɗaurewa ɗaya bayan ɗaya da noti. Ta gama bayani ta fita, ta bar shi da Auta yana ta tambayoyi. Ina take ajiye tukwane? Hannunta na kaiwa ina?

Kafin sati saƙonni sun fara yawo.

"Bahaguwata, yau na goge ƙofa shida, kowacce fuskarki nake gani a jiki."

"To ka yi a hankali, Sarkin Awo, kar ka goge min hanci."

Soyayya ta yi daɗi har ta kai kunnen Baba, ya haɗe rai. Ɗan abokinsa injiniya ya riga ya yi magana, ga mota ga gida.

"Mai buga kusa zan ba 'yata? Bari in ga aikinsa tukuna."

Ranar haɗa kicin Auta ta kasa zama don murna. Katako ya sha gyara yana ƙyalli. Mama ta shigo da guɗa a baki, ta miƙa hannun dama za ta buɗe kabad, ta ji ba mariƙi. Yana ɗaya ɓangaren. Ta matsa wajen yanka, sai da ta sunkuya, don Mama doguwa ce. Durowar wuƙaƙe ma tana hagun murhu.

"Kai yaro! Wa ka auna?"

Kafinta ya sunkuyar da kai, gumi na zuba.

"Ka gani ko?" in ji Baba. "Wanda ya kasa auna bango ne zai riƙe mace?"

Kwana goma babu saƙo. Auta ta yi kuka har ta gaji, ta ɗauka ya haƙura da ita. Ta rubuta, "Ko sallama ba za ka yi min ba?"

"Hannuna ne ba hutu, zuciyata. Gobe ki leƙo."

Washegari ya iso da sababbin kabad, daidai tsayin Mama. Ya tarar da Baba tsaye a ƙofar kicin yana kallo. Auta ce a ciki tana girki, tana buɗe wannan tana rufe wancan ba tare da ta duba ba. Ita da tun tana ƙarama take bugun ƙofofi da gwiwar hannu, ana ce mata mai garaje.

"Shekara ashirin da uku ina mata faɗan ɓari," in ji Baba a hankali. "Ashe kicin ɗin ne bai san ta ba."

Mama ta kwashe da dariya. "Yaro, kwance kayanka ka ɗaura min nawa. Wannan kuwa ka tafi da shi gidanka, ka turo manyanka su zo neman mai shi."

Auta ta rufe fuska ta ruga ɗaki da gudu.

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Baba da kansa ya riƙe wa ango tef a gidan amarya, yana cewa, "Allah ya yi muku albarka. Matsa da shi hagu kaɗan, ɗana."